Zurfin Baƙi a Hoton Baƙi da Fari: Nazari a kan Manyan Injinan Feshin Tawada a Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani ma'auni guda wanda kyan hoton baƙi da fari ya rataya a wuyansa, watau iyakar baƙin da injin ɗab'i zai iya sauke wa takarda. Za mu dubi ma'anar wannan ma'auni, da dalilan da ke sa ya hau ko ya sauka, sa'an nan mu auna shi da halin da masu sana'ar ɗab'i suke ciki a Kano, musamman a unguwanni irin su Na'ibawa da ke bakin Titin Zariya, waɗanda rayuwarsu ta haɗu da ta rukunonin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Mai sauraro yana iya tambaya, ina ruwan taron masana da baƙin tawada? Amsa ita ce, babban kaso na tarihinmu na ƙarni na 20 yana ajiye ne cikin hotunan baƙi da fari. Hotunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, da na dalar gyaɗa, da na hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da yawansu a haka suke, kamar yadda mai ziyarar Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa zai gani. Haka kuma hotunan kakanni da ke cikin akwatunan gidajenmu. Ɗakunan wankin hoto irin na dā sun kusa ƙarewa, saboda haka duk wanda ke son a ƙara wa irin waɗannan hotuna girma, sai ya kai su ga injin feshin tawada. Idan injin ya kasa, fuskar mutumin da ke cikin hoton ce ke salwanta.

2.0 Ma'anar Zurfin Baƙi

Hausa ba ta rasa kalmomin bambanta baƙi da baƙi ba. Muna cewa abu baƙi ne ƙirin, ko wuluk, ko siɗik, muna kuma cewa baƙi-baƙi ne ko toka-toka. Abin da ya rage shi ne lamba, domin “ƙirin” ɗin wani ba shi ne na wani ba. Mun zaɓi mu kira wannan ma'auni “zurfin baƙi”. Mun guji “kaurin baƙi” saboda yana sa mutum ya zaci yawan tawada ake nufi, alhali kuwa za mu ga cewa ana iya tula tawada baƙin bai ƙaru ba.

Asalin lissafin ya fito ne daga aikin da Ferdinand Hurter da Vero Driffield suka buga a Ingila a 1890, inda suka auna yadda fim ke yin duhu gwargwadon hasken da ya same shi. Ka'idar ba ta da wuya. Ana haska wuri a jikin takarda, a auna kason hasken da ya dawo. Idan kashi 10 cikin 100 ya dawo, zurfin baƙin 1.0 ne. Idan kashi 1 cikin 100 ya dawo, zurfin 2.0 ne. Idan kuwa kashi 1 cikin 1,000 ne, ya zama 3.0. Ke nan kowane ƙarin 1.0 yana nufin hasken ya ragu ninki goma, kowane ƙarin 0.3 kuma yana nufin ya ragu da rabi. Lamba mafi girma da injin zai iya kaiwa a kan wata takarda ita ce wadda kamfanoni ke rubutawa da alamar Dmax a takardun tallarsu.

Domin a sami abin kwatance: baƙin rubutun jarida yakan tsaya kusa da 1.0 ko sama kaɗan. Takardar hoto mai sheƙi irin ta azurfa, wadda ake wankewa a ɗaki mai duhu, takan kai 2.0 zuwa 2.2. Injin feshi na masu hoto yakan ba da kamar 1.6 zuwa 1.7 a kan takardar auduga marar sheƙi, a kan mai sheƙi kuwa yakan kai daga 2.2 zuwa 2.6. Baƙin 1.6 yana mayar da kashi 2.5 cikin 100 na haske, na 2.2 kuwa kashi 0.6 da ɗoriya, watau na farkon ya ninka na biyun haske sau huɗu.

Akwai abin lura a nan wanda masu talla ba su cika faɗa ba. Idon ɗan Adam ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan lamba. A bisa ma'aunin haske da hukumar CIE ta ƙasa da ƙasa ta tsayar a 1976, wanda ya tashi daga 0 zuwa 100 yana bin yadda ido ke gani, zurfin 1.3 yana daidai da kusan 27, na 1.6 kusan 18, na 2.0 kusan 9, na 2.3 ƙasa da 5, na 2.6 kuwa 2 da ɗan wani abu. Daga 1.3 zuwa 1.6 an sami taki tara, amma daga 2.3 zuwa 2.6 takin bai kai uku ba. Saboda haka gardamar da ake yi tsakanin injin da ya kai 2.4 da wanda ya kai 2.6 ta fi amfani ga mai sayar da injin fiye da mai rataye hoton.

3.0 Abubuwan da ke Kawo Baƙi

3.1 Tawada

Tawadar feshi ta masu hoto iri biyu ce, kuma almajiri ba zai yi baƙunta da ko wacce ba. Akwai wadda launinta ke narkewa sarai cikin ruwa kamar rini, ta shige cikin jikin takarda. Akwai kuma wadda launinta gari ne mai matuƙar laushi da ke yawo cikin ruwa bai narke ba, in ruwan ya bushe sai garin ya zauna a kan fuskar takardar. Ta biyun 'yar'uwar zuge ce, wanda ake haɗawa da gawayi da ƙaro a rubuta a allo, ta farkon kuwa ta fi kama da tawadar da ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda ke kama takarda ta shige ta. Garin da ke cikin baƙar tawadar zamani kabon ne, dangin kunkunniya, kuma shi ne dai ake zuba wa roba a masana'antu don a sami baƙar leda da baƙin bokiti da tayar mota.

Tawada mai narkewa takan ba da baƙi mai zurfi ƙwarai a kan takarda mai sheƙi, amma rana da iska suna cin ta, sai baƙin ya koma ja-ja ko kore-kore. Kabon kuwa ba ya koɗewa. Wannan ne ya sa masu hoto suka koma gare shi, ko da yake komawar ba ta zo da sauƙi ba. Injinan Iris da gidan ɗab'in Nash Editions na Amurka ya fara buga hotunan sayarwa da su a 1991 da tawada mai narkewa suke aiki. Sa'ad da kamfanin Epson ya fito da tawadar gari a shekarar 2000, an yi ta kuka da cewa baƙinta ba shi da ƙarfi, tokarta kuma tana canja launi idan an canja fitila. An rage matsalar da tawadar UltraChrome a 2002, sa'an nan a 2005 aka fito da UltraChrome K3 mai baƙi hawa uku: baƙi, da toka mai duhu, da toka mai haske. A 2006 Canon ya fito da iPF5000 mai tawada 12, HP kuma ya fito da Designjet Z3100, wanda aka gina masa na'urar auna launi a cikinsa. Tun 2000 kuwa, Jon Cone a Amurka ya riga ya fara sayar da tsarin Piezography, inda ake kwashe tawadar launi gaba ɗaya a maye gurbinta da matakan toka.

Hikimar tokar ita ce wannan. Injin da ke da baƙi ɗaya tak, in zai yi toka mai haske, hanya biyu gare shi: ko ya warwatsa ɗigon baƙi nesa da juna, sai fuska ta fito kamar an barbaɗa mata yashi, ko ya gauraya shuɗi da ja da rawaya, sai a sami tokar da ke karkata zuwa kore a ƙarƙashin wannan fitila, ta karkata zuwa ja a ƙarƙashin waccan.

3.2 Takarda da Sheƙi

A ganinmu nan ne zuciyar al'amarin take. Duk lokacin da haske ya faɗa kan fuskar abu irin roba ko gilashi ko busasshiyar tawada, kusan kashi 4 cikin 100 yana komowa daga fuskar kanta tun bai shiga ciki ba, balle launi ya shanye shi. Idan fuskar sumul take, wannan kaso yana tafiya gefe guda kamar a madubi, sai ido da na'urar awo su kuɓuce masa, domin na'urar tana haskawa ne a karkace da digiri 45 ta karanta daga sama tsaye. Idan kuwa fuskar tana da kaushi, hasken yana watsuwa ko'ina, wani ya shiga ido. Kashi 4 cikin 100 daidai yake da zurfin 1.4. Wannan shi ya sa takarda marar sheƙi ke wahalar wuce 1.7 komai kyan injin, kuma ɗan abin da take samu sama da 1.4 ɗin ma, ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin kabon ne ke tare wani hasken su hana shi fita.

Marina da mabugan ƙasar Kano sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro hoto. Tufar da aka tsamo daga karofi, ko a Ƙofar Mata ko a Kura, duhunta ba ya cika sai ta je mabuga. A can ake zuba mata shuni a yi ta dukanta da mabugi a kan gungume har zaren ya kwanta, fuskar ta yi sumul. Rawani ɗan Kura yana ɗaukar ido ne saboda bugu ya tattara hasken fuskarsa wuri ɗaya, sauran jikin ya zauna cikin duhu. Abin da mabugi ke yi wa tufa shi ne abin da shafen sheƙi ke yi wa takarda. Haka nan kowa ya san baƙin dutse ya fi baƙi idan ruwa ya jiƙa shi.

Saboda wannan bambanci ne kamfanoni ke yin baƙar tawada iri biyu. Wadda ake yi wa alamar PK an tsara ta ne ta kwanta sumul a kan takarda mai sheƙi. Wadda ake yi wa alamar MK kuwa an tsara ta ta tsaya a saman takarda marar sheƙi kada ta nutse. In aka sa ta farko a kan takardar auduga sai baƙin ya fito a wanke, in aka sa ta biyu a kan mai sheƙi sai ta ƙi kamawa, yatsa ma ya goge ta. A tsofaffin injina da yawa baƙaƙen biyu hanya ɗaya suke bi, sai an zubar da tawada kafin a sauya daga wannan zuwa wancan, abin da ke sa mai shago ƙyashin sauyawa, ya buga kowace takarda da wanda ya tarar a ciki. Mai sayen tsohon inji ya kamata ya bincika wannan kafin ya biya.

3.3 Yawan Tawada

Takarda tana da iyakar abin da za ta sha. Idan ana ƙara tawada, zurfin baƙi yana hawa har ya kai wani matsayi ya tsaya, daga nan kuma yakan fara sauka, domin tawadar da ta rasa wurin shiga tana taruwa a sama ta bushe da dabbare-dabbare ko wani ƙyalli mai ruwan tagulla. Bugu da ƙari, baƙin da ya fito daga inji yanzu ba shi ne zai zauna ba, yakan ɗan sauya in ya bushe. Don haka ba a yanke wa bugu hukunci sai ya kwana.

4.0 Halin da ake ciki a Kano

Manyan injinan feshi ba don masu hoto suka shigo Kano ba. Kasuwarsu ita ce talla: allunan kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa, da na shaguna da makarantu, da banar biki da ta wa'azi, da uwa uba ta 'yan siyasa a lokacin zaɓe. Injin da ya dace da wannan aiki shi ne mai faɗin mita 3.2 ko 1.8, mai tawada huɗu, wadda sinadarinta ke cin fuskar ledar fileks ya kama ta yadda ruwan sama ba zai wanke ba. Ɗigon irin waɗannan manyan injina yakan kai fikolita 14 har zuwa 42, alhali na injin hoto yana wajen 4 (fikolita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan na lita). Babu laifi a cikin wannan, domin allon da za a hango daga cikin mota a Titin Zariya ba ya bukatar fiye da haka. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da aka kawo hoton marigayi kaka a ce a buga shi a kan wannan leda, a kai wa kafinta ya yi masa firam da katakon da ya saya a 'Yan Katako, a rataye a falo inda za a dube shi daga taku biyu. Fileks saƙa ce aka lulluɓe da roba, fuskarsa ba sumul take ba, tokarsa kuma gaurayen launuka ce.

Har ila yau akwai al'adar aikin kwamfuta. Masu tsara aiki da yawa da CorelDRAW suke amfani, kuma sun saba da cewa baƙin tawada ɗaya yakan fito a raunane a fileks, shi ya sa suke ƙara masa shuɗi da ja da rawaya a ƙarƙashi don ya yi ƙarfi. Wannan dabara tana da kyau ga manyan haruffa. Idan aka bi da hoto ta wannan hanya, ko aka “ƙara masa ƙarfi” don ya ɗauki ido a fuskar kwamfuta, sai duk matakan duhu su haɗe su zama dunƙule ɗaya. Sau da yawa ma hoton ya riga ya raunana kafin ya iso shago, domin an ɗauke shi da waya daga jikin tsohon kati, an turo ta WhatsApp, wanda ke matse hoto don ya yi sauƙin tafiya. Hoto irin wannan matakai 256 kacal gare shi daga baƙi zuwa fari, kuma matsewar tana shafe ƙananan bambance-bambancen da ke cikin inuwa.

4.1 Baƙar Fata da Farar Riga

Wannan ne ya kawo mu ga abin da muke ganin ya fi kowanne muhimmanci. A tsarin matakan haske da Ansel Adams da Fred Archer suka tsara a wajen 1940, an kasa hoto daga mataki na 0, baƙi ƙirin, zuwa na 10, fari fat. Fatar Bature tana zama a mataki na 6, baƙar fata a na 5 ko ƙasa, ɓangaren fuskar da ke cikin inuwa kuma yana iya sauka zuwa na 3, wanda shi ne matakin ƙarshe da ake ganin cikakken zane a cikinsa. To, a dubi hoton dattijon Bakano: farar babbar riga, farin rawani, tsakar rana, fuskar kuma tana ƙarƙashin inuwar rawanin. Mai ɗaukar hoton ya rage haske don kada aikin allurar rigar ya ɓace, sai fuskar ta ƙara nutsewa. Kamannin mutumin, da tsagar gadonsa, da furfurar gemunsa, duk suna cikin ɗan tsakanin da ke daf da baƙi.

Kayan hoto sun daɗe ba su yi la'akari da wannan ba. Lorna Roth ta nuna a wata maƙala da ta buga a Kanada a 2009 cewa katin gwajin da Kodak ya riƙa raba wa gidajen wankin hoto shekara da shekaru hoton Baturiya ne ke kansa, da fatarta ake daidaita inji. Duk da haka masu hoton Afirka ta Yamma sun nuna abin da za a iya yi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo ta bajekolin Banis a 2007, da J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, wanda ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, aikinsu ya tsaya ne a kan rarrabe baƙi daga baƙi. A hotunan Ojeikere baƙin gashi ne a kan baƙar fata, amma kowace tufka tana fita daban.

Daga nan za a gane cewa zurfin baƙi da rarrabe inuwa abu biyu ne. Amfanin babban zurfi shi ne yana buɗe fili a ƙasa, inda matakan duhu za su baje ba tare da sun hau kan juna ba. Amma injin da ya kai 2.5 yana iya cushe matakai biyar na ƙarshe wuri ɗaya idan ba a daidaita shi ba, alhali wanda ya tsaya a 1.65 a kan takardar auduga, in an daidaita shi, zai fitar da fuskar dattijon sarai. In aka ce mu zaɓa, na biyun za mu ɗauka.

4.2 Yanayi

Kamfanonin injinan hoto sukan so danshin iska ya kasance tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. A Kano lokacin hunturu yakan sauka ƙasa da 20, a watan Afrilu kuma zafi yakan kai digiri 40. Tawada tana bushewa a bakin ƙananan hudojin feshi, wasu su toshe, sai a ga siraran layuka masu haske sun ratsa baƙi, zurfinsa ya ragu. Garin kabon kuma yakan kwanta a gindin mazubi idan inji ya daɗe a ajiye, sai a yi ta fesa ruwa mai ƙarancin gari. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kan injin yakan tsaya a fili bai koma makwancinsa an rufe shi ba, nan ma bushewa ce. Ga ƙura, wadda ke sauka kan takarda kafin feshi, in ta faɗi daga baya ta bar farin ɗigo a tsakiyar baƙi. Tawadar da ake ɗurawa daga kwalba ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba mu ga laifin mai shagon da ya koma gare ta ba, illa dai bayanan da aka saka wa injin daga kamfani ba don ita aka yi su ba, dole a sake daidaitawa.

5.0 Hasken Wurin Ratayewa

Lambar da na'ura ta karanta a ɗakin gwaji ba ita ido ke gani a bango ba. Gilashin firam yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na haske, 4 daga kowace fuska, kuma idan bangon da ke fuskantarsa fari ne ko akwai taga, wani ɓangare na wannan yana faɗowa ido. Bari mu ɗauka, don misali kawai, cewa hasken da ya kutso ta wannan hanya kashi 1 ne cikin 100. Baƙin 2.6, mai mayar da kashi 0.25, zai koma 1.25, watau zurfin 1.9. Na 2.2 zai koma kusan 1.8. Na 1.6 kuwa zai koma kusan 1.46. Tazarar 0.4 da ke tsakanin biyun farko ta zama 0.1, yayin da takarda marar sheƙi ta yi asara kaɗan. Ƙurar da ke kwantawa kan gilashi tana ƙara wannan kaso kullum. Shafe hoto da leda mai sheƙi, kamar yadda aka saba a gidajen hotonmu, yana zurfafa baƙi nan take bisa ka'idar da muka bayyana, sai dai ba a iya ɓare ledar in ta yi rawaya, don haka bai dace da tsohon hoto na asali ba ko kaɗan. A yi wa kwafi, a bar na asalin a ambulan.

6.0 Gwajin da Kowane Shago zai Iya

Na'urar auna zurfin baƙi tana da tsada, amma rashinta ba ya hana gwaji. A zana tsani mai matakai 21 a kwamfuta, daga fari zuwa baƙi, kowane mataki ya ɗara na bayansa da kashi 5. A ƙarƙashinsa a zana wani gajere mai matakai shida manne da juna: 90, 92, 94, 96, 98 da 100. A buga su a kan takardar da za a yi aikin da ita, da tawadar da za a yi shi da ita, a bari su kwana. Washegari a fita da su inuwa a waje da hantsi. Idan ido ya rarrabe dukkan matakai 21, kuma ya ga iyaka aƙalla tsakanin 94 da 100, injin zai iya ɗaukar hoton baƙar fata. Idan daga 85 zuwa 100 duk abu ɗaya ne, to a rage yawan tawada a sake bugawa, har a sami wurin da baƙi ya daina ƙaruwa, a tsaya nan. Bayan haka a dubi tsanin a ƙarƙashin fitilar ɗaki don a ga ko tokar ta karkata zuwa wani launi. Don kwatanta injina biyu, a huda ƙananan ramuka biyu a jikin farin kwali, a ɗora ɗaya kan baƙin wannan, ɗaya kan baƙin wancan, domin ido ya fi iya hukunci idan an raba shi da abin da ke kewaye.

Wannan gwaji ya kamata ya shiga darasin ɗaliban sashen zane da fasaha a kwalejojinmu na ilimi, tun da daga cikinsu ake samun masu zama gaban kwamfuta a shagunan ɗab'i. Gidajen tarihi da iyalai masu ba da aiki kuma suna iya neman a buga musu tsanin a gefen hoton gwaji kafin su amince da babban bugu. A sake shi duk lokacin da aka canja takarda ko tawada, da kuma sau ɗaya a farkon hunturu, a rubuta kwanan wata a bayansa a ajiye cikin ambulan don kwatance da na gaba.